Koren Katin 'Yar Baba

Ni ce na riƙa cike katin. Gara in faɗa tun daga farko, kada wani ya karanta ya ɗauka na zo wanke kaina ne in shafa wa wasu baƙi.

Likitar yara ce ta ba mu shi ranar da ta tabbatar mana cewa 'Yar Baba tana da asma. 'Yar Baba ɗiyar yayana ce, shekararta bakwai, siririya kamar tsinken tsintsiya, ga baki kamar rediyo. Ni kuwa a gidan uban nata nake zaune ina karatu, don haka duk wata zirga-zirgar asibiti a kaina take ƙarewa. Anti, wato matar Yaya, tana fama da goyo, shi kuma Yaya ya ce warin asibiti yana sa masa ciwon kai.

Ofishin Likitar ɗan ƙarami ne. An zana raƙumin dawa a bango don auna tsayin yara, ga kwandon kayan wasa da duk an ciccije su. Ta ajiye mana magungunan shaƙa biyu a kan tebur. Mai ruwan ƙasa na kullum ne, safe da yamma, ko da yarinya tana garau, shi ne yake hana ciwon tashi. Shuɗin kuma na gaggawa ne, sai numfashi ya tsuke. Sannan ta zaro katin, mai gida-gida, kowane gida rana ɗaya.

"Idan ta wuni lafiya ta kwana lafiya, ku shafa kore," in ji ta. "Idan ta yi tari ko ƙirjinta ya yi fito, rawaya. Idan sai da kuka ba ta shuɗin, ja. Ba a gidanku nake kwana ba, Goggo. Da wannan katin zan san in ƙara magani ko in rage." Ta ɗauki biro. "Akwai mai shan taba a gidan?"

"Babu."

"Kyanwa fa? Kaji? Tsuntsaye?"

Ban buɗe baki ba 'Yar Baba ta cafe. "Babana yana da tattabaru arba'in da shida! Ni ce ma nake share musu ɗaki, don ni kaɗai ƙofar take ɗauka."

Likita ta ajiye biron a hankali. Ta ce daga yau an daina sharar nan, kuma a gaya wa maigidan ya nema wa tsuntsayensa wani wuri. Ƙurar busasshen kashinsu da gashinsu ita ce take rufe wa yarinyar ƙirji.

Ɗakin tattabarun a bayan gida yake, jingine da bangon ɗakin da 'Yar Baba take kwana, tagarta a kansa take buɗewa. Yaya da hannunsa ya gina shi, ya yi masa wata 'yar ƙofa a ƙasa wadda ba ta kai gwiwata ba, wai don kada ɓarawo ya shiga. Ɓarawo dai bai taɓa shiga ba, amma shi ma mai ɗakin bai taɓa shiga ba. Kowace safiya kafin makaranta 'Yar Baba take rarrafawa ciki da guntuwar tsintsiya da ƙarfen kankara, ta fito fari fat, tana atishawa tana dariya.

Kada a ɗauka Yaya mugun mutum ne a idon jama'a. Mai gyaran wutar lantarki ne, mai fara'a, ba a taɓa jin ya daki yaro ba. Sai dai mutum ne da in ka tambaye shi ajin da 'yarsa take sai ya waiwayi Anti, amma ya san ranar da kowace tattabara ta yi ƙwai.

Da na isar masa da saƙon, dariya ya fara yi.

"Ubanmu ya kiwata su, mu bakwai muka tashi a cikinsu. Wa ya mutu? Ke kin mutu?"

"Yaya, mu ba mu da asma."

"Likitocin yanzu ke nan. Ko tuntuɓe ka yi sai sun nemo masa sunan Turanci."

Ya kira 'Yar Baba ya ɗora ta a cinya, ya gyara mata kitso da yatsa. Muryarsa a tausashe, wannan ne ma abin da ya fi ƙona mini rai in na tuna.

"Kin san abin da surutunki ya jawo? Likitar nan so take a yanka su duka."

"Har da Fara?" Fara ita ce tattabarar da take ci a tafin hannunta.

"Har da Fara da 'ya'yanta. In kika je kina tari a gabanta, shi ke nan, ke kika yanka su. Kina so?"

Ta girgiza kai, hawaye yana zuba. Daga ranar bakin nan mai kama da rediyo ya fara mutuwa.

Watan farko na cike katin tsakani da Allah. Gida tara rawaya, huɗu ja. Likita ta gani ta ɓata rai, ta ƙara yawan mai ruwan ƙasa, ta ce wata mai zuwa ta ga uban yarinya da idonta. Yaya ya karɓi sabon katin ya jujjuya shi, ya miƙo mini.

"Ke ce mai ilimin gidan. Ki cike shi yadda ba za a riƙa kirana kamar mai laifi ba. Ki kuma ce mata an sayar da su."

"Yaya, ƙarya fa ke nan."

"Kashe wuta ne. In kuma gidan ya yi miki ƙunci, ki faɗa mini, sai in san abin yi."

Na gane abin da yake nufi, shi ma ya san na gane. Saura mini shekara ɗaya da rabi in gama makaranta, ba ni da wani gida a garin. Na ɗauki fensir kore.

Sannu a hankali muka ƙware. In saura kwana uku a koma asibiti, sai a ɗaga wa 'Yar Baba shara, ta dawo ɗakina da kwana, can ƙarshen gida. In mun isa bakin ƙofar asibiti, sai in ja ta bayan wata bishiya in ba ta shuɗin sau biyu, ƙirjin ya buɗe na ɗan lokaci, fiton ya ɓuya. Likita takan karɓi shuɗin da ta rubuta mana ta girgiza a kunne don ta ji yawan abin da aka sha. Wannan ma Yaya ya yi masa dabara. Na Likita yana cikin durowa ba a taɓa shi, na sha kuwa daga kemis yake sayo su. Mutumin da ya ce bai yarda da asma ba, sai ga shi ya fi kowa sanin hanyoyin ɓoye ta.

Ban zauna haka kawai ba, ko da yake abin da na yi bai taka kara ya karya ba. Wata safiya na ce ni zan yi sharar. Na kwanta rub da ciki na tura kai da kafaɗa, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Sai da Anti ta ja ni ta ƙafa, tana dariya har da riƙe ciki. Na ce to a faɗaɗa ƙofar. Yaya ya ce tsuntsayen sun saba da 'Yar Baba, in babba ya shiga za su tsorata su bar ƙwai. Washegari ya sayo mata takunkumin rufe hanci, ya ɗaura mata da kansa, ya dube ni.

"Kin gani? Sai ki ce ban damu da ita ba."

Takunkumin ba ya minti biyar take cire shi, don a cikinsa ma numfashin gagararta yake yi.

Na sami Anti a kicin na ce ta yi magana, 'yarta ce. Ta ci gaba da wanke kwalbar goyo ba ta ɗago ba.

"Na yi, ba sau ɗaya ba. Ranar da na matsa, kwana takwas bai ce mini ko sannu ba. Ke za ki gama karatunki ki kama gabanki, ni ce zan zauna da shi. Kuma ai tana shan maganin. Yara da yawa suna girma su bar shi."

Ta faɗi haka ne tana kallon ruwan wanke-wanke, na san ko ita ba ta gamsu da maganar ba.

A gabana yarinyar ta riƙa canjawa. Ta daina tsallen igiya da 'yan maƙwabta, sai ta zauna a dakali tana riƙe musu takalma. Matakalar makarantarsu goma sha biyu ce, sai ta tsaya a ta shida ta sunkuya kamar tana gyara safa, alhali iska take nema. Malamarsu ta rubuto cewa tana barci a aji. Kafaɗunta suka ɗage sama suka zauna a can. Magana kuwa sai a gutsure, kalma uku ta huta, kalma biyu ta huta.

Abin da ya fi duka shi ne yadda ta koyi ɓoye tari. Ba wanda ya koya mata. In ya taso mata sai ta ruga banɗaki ta kunna famfo, ta cusa fuska cikin tawul. Wata rana da la'asar na bi ta na tura ƙofa, na same ta durƙushe, idanu jajir, ruwa yana zuba a bokiti har yana ambaliya.

"Goggo, kar ki shafa ja," ta ce. "Ɗan kaɗan ne."

Na rungume ta ina jin ƙirjinta yana fito a jikina. Da yamma na shafa kore.

Ranar da muka kai kati na uku mai kore tun daga sama har ƙasa, ɗakin jira cike yake. Kusa da mu wata mata ce da 'yarta wadda ba ta iya zama wuri ɗaya, ta hau kujera ta sauka ta ja labule ta zubar da takardu. Matar tana ba ma'aikaciyar jinya labari da ƙarfi, ba kunya ba ɓoye-ɓoye, cewa makaranta biyu aka koro yarinyar, kuma jiya ita kanta ta zauna ta yi kuka. Na ji ina ƙyashin matar nan. Ita dai ta kawo ciwonta inda za a duba shi, ni kuwa na kawo nawa a naɗe.

Likita ta saurari ƙirjin 'Yar Baba gaba da baya, ta girgiza shuɗin a kunne, ta daɗe tana duban katin.

"Nauyinta bai ƙaru ba," ta ce. "Tana cin abinci?"

"Tana ci, Likita. Haka jikinta yake."

Ta juya kujerarta ta fuskanci yarinyar. "Ƙawata, gaya mini gaskiya. Kina tari?"

'Yar Baba ta dube ni, sannan ta dubi raƙumin dawan bango. "A'a."

"Goggo, tattabarun nan da gaske sun bar gidan?"

"An sayar da su," na ce. Bakina ko rawa bai yi ba, ya riga ya saba.

Likita ta saki fuska. "To madalla. Wata uku ba ko rawaya ɗaya, ba dalilin da zai sa mu yi ta ɗirka wa yarinya magani. Mai ruwan ƙasan ya koma rabi, sau ɗaya a rana. In wata mai zuwa ma haka ne, mu ajiye shi mu gani."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka ƙaryar tamu iyakarta ta kare Yaya daga faɗan Likita, ban san za ta kai ga cire wa yarinyar ɗan abin da yake riƙe da ita ba. Ga Likita a gabana, ga ƙofa a rufe, ba Yaya ba Anti. Kalma biyar sun isa in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Mun gode, Likita." Ta liƙa wa 'Yar Baba tauraro a goshi, wai ladan ƙoƙari.

A gida na roƙi Yaya a ci gaba da ba ta maganin yadda ake yi da, a bar zancen ragi. Ya dube ni kamar na haukace.

"Likita ta ce a rage, ke kin ce a ƙara. Ke da ita wa ya yi karatun? Ga shi da bakinta ta ce yarinya ta warke. Da na biye muku da na yi asarar tsuntsayena a banza."

"Yaya, ai mu muka gaya mata ta warke."

"Ba ta sa abin kunnenta ta duba ba? Ta ji wani abu?"

Na tsaya ina kallonsa. Ba wasa yake yi ba. Shi ya kitsa ƙaryar, ya aika ta asibiti, ta dawo masa da sa hannun likita, kuma ya karɓe ta hannu bibbiyu a matsayin gaskiya. Da aka ajiye maganin gaba ɗaya a wata na gaba, har maƙwabta ya gaya wa cewa 'yarsa ta rabu da asma.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, wata Asabar da hantsi, ya ce a yi babbar shara, a kankare ƙasan ɗakin tas. Ina wanki a tsakar gida ina jin ƙarar ƙarfen, ƙarr, ƙarr, ta tsaya, ta ci gaba, ta tsaya. Sai na lura ta daɗe ba ta ci gaba ba.

"'Yar Baba?"

Shiru, sai kukan tattabaru. Na ruga na kwanta a bakin 'yar ƙofar na leƙa. Tana can ƙurya a zaune, ta jingina da bango, baki a buɗe, ramin wuyanta yana lotsawa ciki da kowane ja. Ko tarin ma babu. Ta gan ni, amma ta kasa ɗaga hannu.

Na ƙwalla ihu. Yaya ya fito da gudu, na ce ya fasa bangon. Ya ɗauko guduma ya ɗaga, sai ya tsaya. Bai daɗe ba, bai fi a ja numfashi biyu ba, amma na gani, idonsa yana kan layin akwatunan da masu ƙwai suke kwance. Ban jira shi ba. Na cusa kai da hannu har katako ya yage mini kafaɗa, na kamo yatsun ƙafarta, na jawo ta kan kashin tsuntsaye kamar buhu. Leɓenta ya yi duhu. Na danna mata shuɗin, amma ba ta da ƙarfin shaƙa.

Yaya ya saɓa ta ya nufi mota, Anti tana bin sa da salati, goyo yana tsala kuka. Ya kai bakin ƙofar gida ya miƙa mini ita, ya koma da sauri. Na ɗauka makulli ya manta. 'Yar ƙofar ya je ya rufe, kada kyanwar maƙwabta ta shiga.

A ɗakin gaggawa suka rufu a kanta, aka sa mata abin iska a fuska, injin yana huci, aka nemi jijiya da ƙyar. Likita ta iso da sauri ko rigar aiki ba ta gama sawa ba. Ta yi abin da za ta yi, kusan awa biyu ba ta dubi kowa ba. Da numfashin ya fara daidaita, ta sunkuya ta zare wani ɗan farin gashin tsuntsu daga kitson yarinyar, ta riƙe shi a tafin hannu. Ta ce in biyo ta waje.

Ban bari ta tambaya ba. Na zayyana mata komai, bishiyar bakin ƙofa, shuɗin kemis, kwana ukun ɗakina, famfon banɗaki. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Da hannuna na cire mata maganin," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara goma sha tara ina wannan aiki, na saba da iyayen da suke mantawa, da masu tsoron magani. Ke kin san komai, Goggo. Kin zauna a gabana kin sa na cuce ta da hannuna."



Ta kira Yaya, karon farko da suka haɗu. Ya tsaya da hula a hannu kamar ɗan makaranta.

"Malam, ba shawara zan ba ka ba. Yarinyar nan da tsuntsayen nan ba za su ƙara zama gida ɗaya ba. Yau kun iso da ita da rai. In ta koma cikinsu, ban yi maka alkawarin karo na biyu ba."

Idon Yaya ya kawo ruwa. "Na ji, Likita. Wallahi ba za su ƙara zama gida ɗaya ba."

Anti ta fashe da kukan murna. Ni ma na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce a raina ashe sai da ya ga abin da idonsa.

Kwana biyar aka riƙe ta, ni ce mai jinya. A rana ta huɗu na koma gida ɗauko mata kayan sawa. Tun daga bakin ƙofa na ji kukan tattabaru, na ce wataƙila mai saye bai zo ba tukuna. Na shiga ɗakin 'Yar Baba na sami Anti zaune a ƙasa, babban akwati a buɗe a gabanta. Ba kayan kwana biyu take ninkewa ba. Har da rigar sanyi, har da takalmin da bai gama yi mata daidai ba.

"Anti, ina za a kai wannan?"

Ba ta dube ni ba. "Wajen Inna. Ya ce daga asibiti ku wuce tasha."

Inna mahaifiyarmu ce, ni da Yaya. Tana ƙauye, tafiyar awa biyar a mota, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta karatu. Asibitin da ya fi kusa da ita sai an yi awa guda a kan babur, kuma ba likitan yara a cikinsa.

Na same shi a bayan gida yana watsa tsaba.

"Yaya, 'yarka za ka kora ka bar tsuntsaye?"

"Wace irin kora? Gidan kakarta ne fa. Likita ta ce kada su zauna gida ɗaya, na bi ko ban bi ba?"

"Ka san ba haka take nufi ba."

"Ni abin da ta faɗa na ji. Can ga iska mai kyau, ba hayaƙin mota. Inna ma ta daɗe tana kukan kaɗaici. Kuma tsuntsu arba'in da shida wa zan ba? Wa zai kula da su yadda nake yi? Ita kuwa yarinya ko'ina aka kai ta dangi ne."

"Makarantarta fa? Uwarta fa?"

"Ke dai ba a iya miki. Na bar ta a nan kin ce zan kashe ta, na ɗauke ta kin ce na kore ta."

Na koma asibiti a guje na faɗa wa Likita, ina ganin ko ita za ta iya abin da muka kasa. Ta kira shi a waya a gabana, ya amsa da ladabi, ya yi ta godiya, ya ce ai na ɗan lokaci ne. Ta ajiye wayar ta dafe goshi.

"Ba ni da ikon hana uba kai 'yarsa wajen kakarta," ta ce. "In aka bi ta takarda ma, abin da na ce ya yi."

Ta mayar da maganin kullum, ta haɗa mana na wata uku, ta rubuta doguwar wasiƙa ga duk ma'aikacin lafiyar da zai ga yarinyar, ta sa lambar wayarta a ƙasa. Ta san Inna ba za ta iya karanta ko layi ɗaya ba, ni ma na sani. Iyakar abin da yake hannunta ke nan.

Ni na raka ta. Yaya ya kai mu tasha, ya saya mata alewa, ya shafa kanta ya ce ta yi wa Inna biyayya. Anti ba ta zo ba, ta ce ba za ta iya gani ba. A hanya 'Yar Baba ba ta yi kuka ba, ta dai manne da taga, in tari ya taso ta cusa fuska a mayafina. Kwana biyu na yi a ƙauyen ina koya wa Inna wanne ne na safe da yamma, wanne ne na gaggawa. Tana ta rikita su, tana cewa idonta ba ya raba launin. A tsakar gidan kuma murhun itace ne, hayaƙinsa yana shiga har ɗaki.

Na ji mutane a unguwarmu suna yaba wa Yaya. Wai uba ne na gari, da likita ta yi magana bai yi gardama ba, ya haƙura da 'yar da ya fi so saboda lafiyarta. Ba wanda ya tambayi me ya sa yarinyar ce ta bar gida ba tsuntsayen ba. Ba a doke ta ba, ba a hana ta abinci ba, ba tabo a jikinta da za a nuna wa hukuma. Mu uku ne manya a gidan nan, kowa yana sonta, kuma kowa ya sami abin da ya fi tsoron rasawa fiye da ita. Ni nawa gado ne da katifa da shekara ɗaya da rabi ta karatu.

Da safen da zan taho ta biyo ni har bakin hanya, tana tafiya tana hutawa. Da babur ya tsaya ta riƙe gefen zanina.

"Goggo, ki gaya wa Baba tunda na zo ban yi tari ba. Ko sau ɗaya. Ki ce masa na warke, ya zo ya ɗauke ni."

Ina jin fiton ƙirjinta tana maganar. Na ce zan gaya masa.

Na kuwa gaya masa, kalma da kalma, don ina ganin ko dutse ne ya ji wannan saƙo zai motsa. Yana tsugune yana canja wa tsuntsaye ruwa. Ya ɗago fuska cike da fara'a.

"Alhamdu lillahi! Ban gaya muku ba? Iskar can ta karɓe ta. Ai sai a bar ta ta yi zamanta."